Tsibirin da Damo Bai Taɓa Takawa Ba: Fashin Baƙi Kan Dabbobi Masu Jan Ciki na Madagaska

Da za a ɗauki manomi daga karkarar Gumel ko Ɗambatta a sauke shi a yammacin tsibirin Madagaska da tsakiyar rani, zai jima kafin ya yarda cewa ya bar ƙasar Hausa. Zai ga kuka a tsaye ta kakkaɓe ganye, zai ga tsamiya a bakin rafi, ga shanu masu tozo ana kora su mashaya, ga jar ƙasa, ga gonakin rogo da masara. Abin da zai fara tona masa asirin wurin shi ne ƙananan halittun da idonsa ya saba da su har ya daina lura da su. Jan gwadan da ke gyaɗa kai a kan katanga ba ya cikin dabbobin asali na tsibirin. Babu damo a gindin suri, babu guza a fadama, babu mesa, babu kasa, babu kububuwa, babu gamsheƙa. Manomin can yana zura hannu cikin ciyawa ko ƙarƙashin dami ba tare da fargabar da ke kai mutanenmu asibitin masu saran maciji na Kaltungo kowace kaka ba, domin a tudun Madagaska babu macijin da aka sani da kisan mutum.

Wanda ya ji haka yana iya zaton tsibirin fayau yake, alhali kuwa cike yake maƙil. Masana sun ƙidaya nau'i fiye da 400 na ƙadangaru da macizai da kunkuru a can, kuma sama da kashi 90 cikin 100 daga cikinsu ba a samunsu a ko'ina a bayan ƙasa sai a wannan tsibiri. Hawainiya, wadda a nan mutum kan yi damina guda bai ci karo da ita sau uku ba, tana da nau'i sama da 200 a duniya, kuma kusan rabinsu a Madagaska suke. To me ya sa wurin da damo zai ji daɗin zama a cikinsa kamar yadda yake ji a dajin Falgore ya rasa damo, amma hawainiya ta yi masa kaka-gida? Amsar da aka saba bayarwa a aji, cewa kowace dabba tana zama ne inda yanayi ya dace da ita, gaskiya ce amma ba ta kai ƙarshen zancen ba. A tsibiri, kafin a yi maganar wanda zai iya zama, sai an fara maganar wanda ya samu ya iso, da lokacin da ya iso.

Madagaska ita ce tsibiri na huɗu a girma a duniya. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 587,000, wato za ta haɗiye jihar Jigawa kusan sau 25, kuma tsawonta daga arewa zuwa kudu ya doshi kilomita 1,600. Tana cikin Tekun Indiya, tsakaninta da gaɓar Mozambik akwai ruwa mai zurfi wanda a inda ya fi ƙunci ma ya haura kilomita 400. Tsaunuka sun ratsa ta a tsaye, suna tare iskar da ke ɗauko ruwa daga gabas, shi ya sa gabashinta kurmi ne mai duhu da ke samun ruwan sama har fiye da milimita 3,000 a shekara a wasu wurare, yammacinta daji ne mai kakkaɓe ganye da rani, kudancinta kuwa ƙaya ce zalla, inda ruwan shekara kan gaza milimita 400. Daminarsu tana kamawa ne daga Nuwamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da muke fama da hunturu da bazara.

Bisa lissafin masana ilimin ƙasa, tsibirin ya ɓalle daga jikin Afirka kimanin shekaru miliyan 160 da suka wuce, sannan ya rabu da Indiya kimanin shekaru miliyan 88 da suka wuce, kuma tun daga nan yake shi kaɗai a tsakiyar ruwa. Wannan lissafi shi ne ya jefa masu bincike cikin ruɗani, domin idan aka auna ƙwayoyin gado na yawancin dabbobin da ke can a yau, sai a tarar danginsu sun bayyana ne bayan an riga an rabu. Ma'ana, ba tsibirin ne ya tafi da su a lokacin da ya ɓalle ba; daga baya suka same shi, kuma babu wata hanya sai ta ruwa.

Tun 1940 wani masani Ba'amurke mai suna George Gaylord Simpson ya ce dabbobin sun ƙetara ne a kan tarkacen itatuwa da ciyawa da manyan kogunan gabashin Afirka ke amayarwa cikin teku a lokacin ambaliya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Haɗeja a shekarar da ruwa ya yi yawa ya ga yadda dunƙulen kachalla da kainuwa ke wucewa, wani lokaci da maciji ko ɓera a maƙale a kai, don haka farkon labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya yi wa mutane wuyar haɗiya shi ne a ce irin wannan tarkace ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a teku da mai rai a kansa. An daɗe ana yi wa ra'ayin dariya, har sai da abin ya faru a gaban shaidu. A 1995, bayan wasu guguwa biyu masu ƙarfi sun ratsa yankin Karibiyan, masunta a tsibirin Anguilla sun ga wani tulin itatuwa ya dira a gaɓa ɗauke da manyan ƙadangarun nan da ake kira iguwana aƙalla 15, maza da mata, irin da ba a taɓa gani a tsibirin ba. Alamu sun nuna daga Guadeloupe suka fito, tafiyar kusan kilomita 300, bayan sun shafe makonni a kan ruwa. Idan abu yana faruwa ko da sau ɗaya ne a shekaru dubu ɗari, to cikin shekaru miliyan arba'in ya faru sau ɗaruruwa.

Irin wannan tafiya tana tace matafiya, kuma a nan ne masu jan ciki suka yi wa masu shayarwa fintinkau. Akuya ko biri suna ƙona abinci dare da rana don su riƙe ɗumin jikinsu, kwana kaɗan babu ci babu sha sai su faɗi. Ƙadangare kuwa rana ce ke ɗumama shi, abincin da yake buƙata bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da mai shayarwa mai nauyinsa ke buƙata ba. Ba banza aka yi wa damo kirari da sarkin haƙuri ba, tunda yakan shige rami ya shafe watannin rani bai sa komai a bakinsa ba. Fatarsu mai ɓawo tana hana ruwan jiki tsiyayewa, kuma ba sa zubar da ruwa wajen fitsari. Farin nan da ake gani a ƙarshen kashin ƙadangare ko na tsaka shi ne fitsarin nasu, a daskare. Ƙari a kan haka, macen wasu nau'o'in tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta tsawon watanni, don haka mace guda da ta isa gaɓa da rai ta isa ta kafa zuriya. Ƙwan tsaka kuma yana da ɓawo mai tauri, wasu ma suna manne shi a jikin itace, ya yi tafiyarsa ba tare da uwar ba. Wannan ne ya sa Madagaska ba ta da zaki, ba ta da giwa, ba ta da barewa ko biri na gaskiya, dabbobinta masu shayarwa na tudu duk sun samo asali ne daga 'yan tsirarun kakanni da suka tsira, amma masu jan ciki sun ƙetara sau da yawa.

Saura tambayar da ta fi ɗaure kai. Guza gwanin iyo ne, ya fi hawainiya ƙarfi da juriya nesa ba kusa ba, kuma yana nan birjik a kogunan Mozambik da ke fuskantar tsibirin. Me ya hana shi? Wani ɓangare na amsar ya fito a 2010, lokacin da Jason Ali da Matthew Huber suka yi amfani da kwamfuta suka sake zana yadda ruwan teku yake gudana a zamanin da. A yau ruwan da ke tsakanin Afirka da tsibirin yana gudu ne zuwa kudu da yamma, wato duk abin da ya faɗa cikinsa daga Afirka, Afirka zai komo ko ya ɓace a teku. Amma a da can, lokacin da tsibirin yake kudu da inda yake yanzu, akwai lokutan da ruwan ke gudu gabas da ƙarfin da zai kai tarkace gaɓar Madagaska cikin kimanin wata guda. Da tsibirin ya ƙara matsawa arewa, wajen shekaru miliyan 20 zuwa 15 da suka wuce, sai ruwan ya juya, hanya ta toshe. Masana da dama suna ganin dangin kububuwa da na gamsheƙa sun bazu a Afirka ne a makare, daga wajen Asiya, don haka ko da suka iso bakin ruwa jirgi ya riga ya tashi. Ba na jin wannan bayani ya rufe bakin kowa, musamman game da guza, kuma ina ganin dole a bar wa sa'a kasonta: cikin dubban tarkacen da suka tashi, ɗaya ne ke isa, kuma babu wanda ya zaɓi wanda ke kansa. Kada dai ya ƙetara, amma shi da ƙarfin iyonsa ya je, kuma bai daɗe da isa ba idan aka kwatanta da sauran.

Akwai kuma wasu da suka ƙi shiga wannan lissafi cikin sauƙi. Aikin da jan gwada ke yi a wurinmu, wato shan hantsi a kan dutse da farautar ƙwari, a Madagaska wasu ƙananan iguwana ne masu ƙaya a wutsiya ke yin sa. Babu iguwana ko ɗaya a duk faɗin nahiyar Afirka, danginsu mafi kusa suna Kudancin Amurka, kuma har yau ana jayayya kan ko tun kafin ƙasashe su rarrabu suke can, ko kuwa su ma ta ruwa suka bi. Haka wata babbar ƙififiya mai ƙaton kai da ke kogunan yammacin tsibirin, ita ma 'yan uwanta na jini suna kogunan Kudancin Amurka. Gurbin mesa kuwa macizan da ake kira bowa ne suka cike shi. Babbansu yana kai mita uku, yana naɗe abin farauta ya matse shi kamar yadda mesa ke yi, sai dai mesa ƙwai take yi ta kwanta a kai, su kuwa haihuwa suke yi. An daɗe ana haɗa su da bowa na Amurka, har aunin ƙwayoyin gado ya nuna sun fi kusa da wani ɗan maciji mai tonon ƙasa da ke kurmin kudancin Najeriya da Kamaru.

Hawainiya ce ta fi kowa cin ribar zuwa da wuri. Saboda yawanta a tsibirin, a 2002 wasu masana ƙarƙashin Christopher Raxworthy suka ce can ne ma asalinta, daga can ta ƙetaro Afirka. A 2013 Krystal Tolley ta Afirka ta Kudu da abokan aikinta suka auna ƙwayoyin gado na mafi yawan nau'o'in duniya, suka ce a'a, Afirka ce mahaifarta, kuma sau biyu ta ƙetara zuwa Madagaska, na farko kimanin shekaru miliyan 65 da suka wuce, na biyu kimanin miliyan 47. Wannan ra'ayi na biyu ya fi dacewa da yadda ruwan teku yake gudana a lokacin, kuma shi ne ya fi karɓuwa yanzu. Daga ƙetarawar farko aka samu ƙananan hawainiyoyi masu launin ƙasa da ke yawo cikin busasshen ganye a gindin bishiya, daga ta biyu kuma aka samu manya masu launi da ke saman rassa.

Bambancin da ke tsakanin zuriyar waɗannan kakanni biyu yana da wuyar yarda idan ba a ga hoto ba. A kurmin gabas akwai hawainiyar da tsawonta ya doshi santimita 70, nauyinta ya haura rabin kilo, ƙwanta kuma kan shafe fiye da shekara a ƙasa kafin ya ƙyanƙyashe. A wani tsauni na arewa kuma akwai wadda Frank Glaw na Jamus da abokansa suka bayyana wa duniya a 2021 da sunan Brookesia nana, wadda balagaggen namijinta jikinsa milimita 13.5 ne, da wutsiya duka bai wuce milimita 22 ba. Yana zama daram a kan ɗan yatsa, kuma yana cikin mafi ƙanƙantar masu jan ciki da aka taɓa aunawa. Duk da haka yana da ido mai juyawa shi kaɗai, da harshe mai harbawa, da yatsu masu damƙa, babu abin da aka rage masa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta busasshen kudu maso yamma, mai suna Furcifer labordi, wadda Kristopher Karsten ya bi diddiginta a kusa da garin Toliara ya wallafa sakamakon a 2008. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa ne da saukar ruwan farko a Nuwamba. 'Ya'yan suna ci ba ƙaƙƙautawa, su ninka girmansu sau da yawa, kafin wata biyu sun balaga. A Janairu maza su yi ta faɗa a kan mata, a Fabrairu mata su tona ƙasa su binne ƙwai, kafin Afrilu kuwa manya sun mutu ƙaf, maza da mata. Daga nan har wata takwas ko tara babu ko guda ɗaya mai numfashi a dajin, dukan al'ummarsu tana ƙarƙashin ƙasa a cikin ƙwai. Rayuwarta ta fi kama da ta gero fiye da ta dabba: damina guda ce rabonta, iri kuma shi ke ƙetare rani. A cikin dabbobi masu ƙafa huɗu da wuya a sami mai gajeren kwana kamarta. An lura daga baya cewa a arewacin yankinta, inda damina ta fi tsawo, wasu mata kan ɗan ƙara watanni, abin da ke nuna tsananin rani ne ya tsara mata wannan gaggawa. Wannan ɗabi'a ta kuma warware wani tsohon ƙulli. Akwai wata 'yar uwarta da aka yi fiye da shekara ɗari ba a gani ba har aka fara cire rai, sai ga ta a 2018 a yankin Mahajanga, har a lambun wani masauki. Da alama ba ɓacewa ta yi ba. Tana bayyana ne kawai da damina, lokacin da hanyoyin karkara suka yanke, masu bincike kuma suka saba zuwa da rani.

Batun sauya launi ma a kan hawainiyar Madagaska aka fi fahimtarsa. Abin da muka taso muna ji shi ne hawainiya tana ɗaukar launin duk abin da ta hau, har ake cewa ta kiyayi ramar wani. Launinta na yau da kullum yana ɓoye ta a cikin ganye, wannan gaskiya ne, amma sauyin nan mai ɗaukar ido magana ce take yi da 'yan uwanta, sai kuma daidaita zafin jiki, domin takan yi duhu da sanyin safiya don ta sha rana, ta yi haske idan rana ta take. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jeniba ƙarƙashin Michel Milinkovitch suka gano cewa a cikin fatar namijin wani nau'i na arewacin tsibirin akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ƙyalli da aka jera sahu-sahu. Idan hankalinsa a kwance yake, ƙwayoyin suna matse da juna, suna mayar da shuɗin haske, wanda idan ya ratsa ta cikin rawayan da ke saman fata sai ido ya ga kore. Idan ya hango kishiya ko mace, sai tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, hasken da ke dawowa ya koma rawaya, ko ruwan goro, ko ja, duk cikin minti ɗaya ko biyu. Ƙarƙashin wannan akwai wani shimfiɗi na biyu da ke mayar da zafin rana. Macen da ta riga ta ɗauki ƙwai kuwa takan rikiɗe ta yi duhu da ratsi mai haske, duk namijin da ya gani ya san ba a buƙatarsa.

Me ya sa kakanni biyu suka zama kusan nau'i ɗari? Hawainiya ba matafiya ba ce. Ƙaramar da ke cikin ganye tana iya ƙare rayuwarta a fili da bai wuce tsakar gida ba, don haka kogi guda ko kwari guda ya isa ya raba dangi gida biyu har abada. Tsibirin kuwa cike yake da irin waɗannan shingaye, ga tsaunuka da mafi tsayinsu ya kai mita 2,876, ga koguna da ke gangarowa gabas da yamma, ga yanayi da ya sha sauyawa tsakanin damshi da fari, yana tsuke kurmi ya mayar da shi gutsi-gutsi sannan ya sake haɗe shi. Kowane gutsure ya riƙe nasa, zuriya bayan zuriya suna sauyawa, har suka kai inda ko sun haɗu ba sa barbara. Sakamakon shi ne nau'o'i da yawa duk duniyarsu tsauni ɗaya ne ko daji ɗaya.

Tsaka ba ta da farin jini a gidajenmu, amma ta Madagaska sai an kalle ta sau biyu. Akwai masu fita da rana, kore shar da ɗigon ja a baya, suna lasar zaƙin fure da nunannen ayaba a bayan gida. Akwai masu wutsiya kamar busasshen ganye, waɗanda ke kwana a manne da kututture kai a ƙasa, da wata geza ta fata a gefen jiki da ke shafe inuwarsu, har mutum ya dafa itacen bai gan su ba. Akwai kuma masu manyan ɓawo irin na kifi, waɗanda idan aka damƙe su sai su saɓule fatar su bar ta a hannun mai kamu, su gudu tsirara, bayan 'yan makonni wata ta tsiro.

Macizan tsibirin kusan ɗari ne, kuma in ban da bowa da 'yan ƙananan makafin macizai na cikin ƙasa, yawancinsu dangi guda ne da ya yaɗu ya kama sana'o'i daban-daban. Wani yana da hanci mai ɗagowa sama da yake tone ƙwan iguwana da shi. Wani siriri ne mai kama da reshe, namijinsa da tsinin hanci kamar mashi, macen da hanci mai faɗi kamar ganye. Wasu suna da ɗan dafi a haƙoran can baya, wanda kan kumbura hannu ya yi zafi, iyakarsa ke nan. Rashin haɗarin bai hana mutane tsoro ba. A ƙauyukan can ana ba da labarin wani maciji mai jar wutsiya da ake kira fandrefiala, wai yakan sanƙare a kan bishiya ya faɗo da wutsiya ya soke sa har lahira, alhali ƙadangaru da kwaɗi da ƙananan dabbobi ne abincinsa.

Mutum ya iso Madagaska a makare ƙwarai. Kakannin mutanen yau sun zo ne ta jiragen ruwa daga wajen Borniyo a Indunusiya da kuma gabashin Afirka, shekarun da ba su wuce dubu biyu ba, kuma bayan zuwansu manyan kunkurun tudu da wani kada mai ƙaho a ƙeya suka ƙare. Waɗanda suka rage, al'ada ta taimaka wajen tsare wasu. Mutanen can suna da hani na gado da suke kira fady, kuma a wurin ƙabilun Tandroy da Mahafaly na kudu, kunkurun nan mai zanen tauraro a ƙoƙo abin ƙyama ne a ci ko a taɓa. A wani tafki kusa da Anivorano a arewa kuma ana ɗaukar kadoji a matsayin kakanni, har ana yanka musu sa. Amma hanin gado yana ɗaure mai shi ne kawai, ba ya ɗaure baƙo mai mota da kuɗi. A Afrilun 2018 wari ya kai jami'ai wani gida a Toliara, inda suka tarar da kusan kunkuru 10,000 a jibge har cikin banɗaki, ana shirin fitar da su zuwa kasuwannin Asiya inda masu kuɗi ke kiwonsu don ado. Wani nau'in, angonoka, wanda duk duniya sai a kewayen gaɓar Baly ake samunsa, ya fi shiga uku. An buɗe masa wurin kiwo a Ampijoroa a 1986, a 1996 ɓarayi suka fasa suka kwashe fiye da 70, kuma abin ya kai masu kula da shi suna sassaƙa lambobi a ƙoƙon kowane ɗaya da gangan don su ɓata kyansa ya faɗi a kasuwa. Mu ma mun san wannan ciniki ta wata fuskar, tunda fatar guza da ta mesa ba baƙi ba ne a hannun dukawan Kano, busasshiyar hawainiya kuma tana shimfiɗe a gaban masu magani ranar kasuwa. Bambancin shi ne guzanmu yana da 'yan uwa daga Senegal har Masar da Afirka ta Kudu, angonoka kuwa ba shi da kowa a wani wuri.

Duk da haka sata ba ita ce babbar barazana ba, ƙarewar daji ce. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna tsibirin ya rasa kashi 44 cikin 100 na dajinsa na asali tsakanin 1953 da 2014, kuma ƙididdigar da aka yi a 2014 ta sanya kusan kashi 40 cikin 100 na masu jan cikinsa a sahun waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Ana sassabe kurmi a ƙone a shuka shinkafar tudu, bayan shekara biyu ko uku ƙasa ta gaji a matsa gaba, ana cinna wa makiyaya wuta don sabuwar ciyawa ta tsiro wa shanu, ana kuma sare itace a yi gawayin da birane ke girki da shi. Rahotannin ƙasashen waje sukan yi saurin ɗora laifin a kan manomin karkara, amma wanda ya ga buhunan gawayi a jere a bakin titin Ringim ko Birnin Kudu ya san mai sarar ba shi ne mai cin ribar ba, kuma mutumin da ba shi da taki, ba shi da wata sana'a, ba zai bar 'ya'yansa da yunwa saboda hawainiyar da bai taɓa gani ba. Sai dai a can kuskuren ba ya gyaruwa, domin wutar yini guda a kan tsauni guda tana iya shafe nau'i sukutum.

Jiragen ruwa kuma sun sake buɗe hanyar da teku ya toshe, kuma ba sa tace kowa. Jan gwadanmu da kansa ya bi kaya ya sauka a tsibirin Riyuniyon da ke maƙwabtaka. A Madagaska abin da ya fi tayar da hankali shi ne wani kwaɗo na kudu maso gabashin Asiya da aka tabbatar da ɓullarsa a 2014 a kewayen Toamasina, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar. Kwaɗo ne mai kaushin baya irin namu, mai fitar da farin dafi daga kumburin da ke bayan idonsa. A Afirka da Asiya, macizan da ke cin irin wannan kwaɗo sun daɗe tare da shi, jikin da yawa daga cikinsu yana jure dafin. Madagaska kuwa tana da kwaɗi ɗaruruwa amma ba ta taɓa samun ko ɗaya daga wannan dangi ba, don haka babu abin da ya shirya masu farautarta. A 2018 aka auna ƙwayoyin gado na nau'i 77 na macizai da ƙadangaru da kwaɗi da tsuntsaye da masu shayarwa da ake jin za su iya cin sa, aka tarar ɗaya tak, wani ɓeran daji, ke da kariya. Bayan haka masu binciken da suka sanya wa wasu macizan dare na'urar bin sawu a wani daji kusa da Toamasina sun riƙa tsintar gawarwakinsu bayan sun haɗiyi kwaɗon. Macensa tana zuba dubun dubatar ƙwai a lokaci guda, magudanan ruwa da gonakin shinkafa suna sauƙaƙa masa tafiya, kuma gandun Betampona, ɗaya daga cikin ragowar kurmin gangaren gabas, bai fi tafiyar kilomita 40 daga tashar ba.